Jagoran Kare Yara da Ci Gaban Karatunsu Idan Bala'i Ya Afka

Ranar Talata 10 ga Satumba 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa. Madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya shiga Gwange da Fori da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Rabon garin da irin wannan ambaliya tun 1994. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, da yawansu kuma gudu na biyu ke nan, don rikicin Boko Haram ne ya fara koro su daga Bama da Gwoza da Marte da sauran garuruwa. Aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a 2021, makarantun gwamnati da dama suka koma wurin kwanan jama'a, karatu ya tsaya cak.

A irin wannan hali abinci da ruwan sha da magani ne a gaba, babu mai musu. Sai dai ƙidayar 'yan gudun hijira a arewa maso gabashin Najeriya ta sha nuna cewa fiye da rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 18, kuma abin da ke cin yaro a sansani ya wuce yunwa. Akwai ɓata, da fyaɗe, da aikin ƙarfi, da auren da talauci ya gaggauta, da barin makaranta irin wanda ba a komawa. A ofisoshin ƙungiyoyi, kare yara sashe ne mai zaman kansa, ilimi ma haka, kowa da kasafinsa da motarsa. A fili kuwa aiki ɗaya ne. Aji ne kaɗai wurin da ake kiran sunan kowane yaro kullum safiya, saboda haka a nan ake fara gane wanda ya ɓace, da wanda ya rame, da wadda ta daina magana. Wannan jagora na wanda aka damƙa wa ayyukan biyu ne, jami'in gwamnati ne, ma'aikacin ƙungiya ne, ko ɗan unguwa mai aikin sa-kai.

Kwanakin farko: tambaya kafin kafa tanti

Kada ka sauke kaya kafin ka san wa ke wurin. Ka fara da hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, da shugaban sansani, da ma'aikatar harkokin mata, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Tun 2005 aka tsara aikin agaji na duniya rukuni-rukuni don kada ƙungiyoyi biyar su taru a sansani ɗaya, wani sansanin ko leƙe bai samu ba. UNICEF ce ke jan ragamar kare yara, rukunin ilimi kuma ita da Save the Children. Halartar taron waɗannan rukunai na cin lokaci, amma a nan za ka ji wa ya riga ya ɗauki nauyin bandakuna, wa ke da asibitin tafi-da-gidanka, nawa ake biyan 'yan sa-kai.

Daga nan sai masu wurin na asali: bulama ko mai unguwa, liman, fasto inda akwai Kiristoci, shugabar mata, ungozoma, malaman tsangaya. Tun kafin motarka ta iso su suka fara aikin, su suka san gidan wa ya rushe, 'ya'yan wa ba a gani ba.

Binciken farko bai kamata ya wuce kwana biyu ko uku ba, kuma tambayoyinsa kaɗan ne. Yara nawa ne, maza nawa, mata nawa, shekarunsu nawa? Su wa ba sa tare da iyayensu? Wane gida ne yaro ke riƙe da shi? Su wa ke da naƙasa? Malaman makaranta nawa ne cikin waɗanda suka gudo? Wane yare yara ke ji? Bayan haka ka zaga sansanin da ƙafa dab da magariba, lokacin da ma'aikata suka watse. Ka duba hanyar bandaki ko akwai haske, ka duba ko ƙofar tana da sakata ta ciki, ka ga wa ke tsaye a bakin famfo, ka tambayi inda ake zuwa itace. Ma'aikaciya mace ta zauna da 'yan mata su kaɗai, ta ce su nuna mata wuraren da suke tsoron bi. Abin da za su faɗa cikin rabin sa'a, taron dattawa na yini guda ba zai fito da shi ba.

Yaron da ya rabu da nasa

Wannan shi ne aikin da ba ya jira. Kowace rana da ta wuce, samun iyayen ƙaramin yaro na ƙara wuya. A raba yaran gida biyu tun a rajista: wanda ba ya tare da iyayensa amma yana hannun kaka ko gwaggo ko kawu, da wanda ba shi da kowa ko kaɗan. Na biyun da jarirai su ne a sahun gaba.

A kafa teburin cigiya a wurin da kowa zai gani, a sanar ta lasifikar masallaci da gidan rediyo. In an tsinci yaro, muddin wurin ba shi da haɗari, kada a yi gaggawar ɗauke shi zuwa wata unguwa, domin sau tari uwarsa na nan kusa tana nemansa. A rubuta inda aka same shi, da ranar, da wanda ya same shi. A ɗauki hotonsa da kayan jikinsa. Ko an yi masa wanka an sake masa riga, tsohuwar rigar da laya da guru da awarwaro a adana su cikin leda mai lambarsa, da su uwa za ta shaida ɗanta. A rubuta tsagar fuska da tabo. A rubuta sunan yanka da sunan da ake kiransa a gida, domin yaron da aka raɗa wa sunan kakansa yana iya kai shekara biyar bai san wani suna ba sai Abba ko Baba Gana.

Tambayar ƙaramin yaro na da dabara. A ce an kawo yarinya 'yar shekara huɗu. Ma'aikaciya ta durƙusa daidai tsayinta, ta ba ta ruwa, ta jira ta huce. Ba za ta fara da tambayar ina babanki ba, wannan kuka yake jawowa.

"'Yata, wa ya yi miki wannan kitson?"

"Yaya."

"Me Baba yake sayarwa?"

"Kifi."

"In za ki je islamiyya, me kike wucewa a hanya?"

"Injin niƙa."

An samu uba mai sayar da kifi, da yayar da ta iya kitso, da gida kusa da injin niƙa. Da wannan bulamomi biyu ko uku za su iya gano gidan. In yarinyar ba ta jin Hausa, a nemo mai Kanuri ko Shuwa ko Fulatanci, kada a ɗauka shirunta taurin kai ne.

Sa'ad da ake cigiya kada a faɗi komai da komai, a ɓoye wasu alamomi don gwada mai zuwa karɓa. In mutum ya zo ya ce 'yarsa ce, a zaunar da shi wani wuri dabam: "Baba, wane kaya ne a jikinta ranar? Tana da tabo? Wa take kira Yaya?" In amsoshin sun dace, a haɗa su a lura da yadda yarinyar za ta yi. Wadda ta ruga ta ƙanƙame mutum ta ba da shaida. Wadda ta noƙe ta ɓuya bayan ma'aikaciya, a dakata a ƙara bincike ko da takardu sun cika. Miƙawa a gaban bulama da jami'in walwalar jama'a ake yi, mai karɓa ya dangwala yatsa, bayan mako ɗaya ko biyu a kai ziyara. In ana zaton iyayen sun tsallaka iyaka, zuwa Diffa a Nijar, ko sansanin Minawao a Kamaru, ko Baga Sola a Chadi, ƙungiyar Red Cross ce ke da hanyar bin sawu tsakanin ƙasashe.

Kafin a samu iyaye, a nema wa yaro riƙo cikin mutanen garinsu, masu yarensa da addininsa. Ɗa na kowa ne, al'adarmu ta riga ta san wannan. Sai dai a binciki mariƙiya, a ji ta bakin maƙwabta, a ji ta bakin yaron in ya isa magana, a riƙa leƙawa don kada riƙo ya koma bauta. Tallafin da za a bayar a ba gidan baki ɗaya. Duk inda aka ware marayu da bargo da shinkafa ta musamman, nan da nan iyaye masu rai za su fara kawo 'ya'yansu suna cewa marayu ne, shirin da aka yi don haɗa iyali ya koma mai raba su.

Kada a buɗe sabon gidan marayu, kada kuma a bar kowa ya fita da yaro daga yankin da sunan zai riƙe shi, komai kyan niyyarsa. A Oktoba 2007 hukumomin Chadi sun kama ma'aikatan wata ƙungiyar Faransa, L'Arche de Zoé, a garin Abeche suna shirin ɗaukar yara 103 a jirgi da sunan marayun Darfur. Bincike ya nuna akasarinsu 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba a raye. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010 an kama wasu Amurkawa goma a kan iyaka da yara 33, su ma mafi yawansu iyayensu na nan.

Almajirai na buƙatar kulawa ta musamman. Rajistar abinci da sunan magidanci ake yi, almajiri kuwa ba shi da magidanci a wurin, iyayensa na iya kasancewa a Yobe ko Jigawa ko Damagaram. Kuma gidajen da ke ba shi sadaka su ma yanzu a layin abinci suke. A je wurin Malam cikin girmamawa, a karɓi sunayen ɗalibansa daga gare shi ko daga gardawa, a yi wa tsangayar rajista a matsayin gida guda, a ba kowane yaro dama ya kira iyayensa a waya. Wanda iyayensa suka ce a mayar da shi, a mayar da shi da rakiya.

Rabuwa ba a wurin gudu kaɗai take faruwa ba, har agajin kansa na jawo ta. A loda mata a mota ɗaya, yara a wata. A kwantar da uwa a asibiti, ba a tambayi wa ke da 'ya'yanta ba. Ka gaya wa direbobi da ma'aikatan lafiya tun da wuri: iyali tare suke tafiya.

Daga inuwar wasa zuwa aji

Ba sai an jira allo da benci ba. A makon farko a samu inuwa, a shimfiɗa tabarmi, a tsayar da lokaci, ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, kullum ba fashi. A yi langa da carafke da 'yar gala-gala da gaɗa, tsofaffin mata su zo su yi tatsuniya. Yaron da gidansu ya rushe, abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne ya san abin da gobe za ta zo da shi. Uwa kuma ta samu sa'o'i uku ta bi layin abinci ba tare da fargaba ba.

Wurin ya kasance kan tudu, nesa da titi da kududdufi da shingen sojoji, a kewaye shi da zana amma ta yadda na waje zai hango abin da ake yi ciki. Littafin Sphere, wanda masu agaji ke aunawa da shi, ya tanadi bandaki ɗaya ga 'yan mata 30, ɗaya ga yara maza 60, da ruwa lita 3 ga kowane ɗalibi a rana don sha da wanke hannu. Na mata dabam, na maza dabam, ƙofofinsu ba sa kallon juna. Buta da sabulu a bakin ƙofa ba ado ba ne: makonni kaɗan bayan ambaliyar 2024 gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. A gyara mashiga yadda mai keken guragu zai shiga, a zaunar da mai raunin ji ko gani a gaba.

In makaranta ta zama matsuguni, a zauna da shugaban makarantar da SEMA da wakilan waɗanda suka fake. A tara bencina da rajistoci da littattafai a ɗaki ɗaya a sa kwaɗo, in ba haka ba benci zai ƙare a murhu. A roƙi aji biyu ko uku a bar wa yara. A tsayar da ranar tashi, amma kada a tashi kowa sai an nuna masa inda zai koma. Kafin ɗalibai su dawo, injiniya ya duba bango da rufi, a yashe masai, a zuba kulorin a rijiya, a sare ciyawa saboda macizai. A yankin da aka yi yaƙi, darasin farko shi ne na nakiya da harsashin da bai fashe ba: kada ka taɓa, kada ka jefa masa dutse, ka koma ta inda ka biyo, ka gaya wa babba. Yara masu tsintar ƙarafa su sayar su ne suka fi faɗawa wannan haɗari.

Akwatin kayan karatu da UNICEF ke rabawa an shirya shi ne don malami ɗaya da ɗalibai 40. In yara sun yi yawa a raba su, wasu safe wasu rana. Wajen tsara lokaci a duba na islamiyya da ranar rabon abinci da lokacin ɗibar ruwa, domin in aji ya ci karo da ɗayansu, ajin ne zai sha kaye. Kada a mayar da takardar haihuwa ko yunifom sharaɗin shiga. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Najeriya haƙƙin karatun shekara tara kyauta, kuma ruwa bai tafi da wannan haƙƙin ba. Maimakon haka a gayyato jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa su yi rajistar haihuwa a harabar makarantar.

Shekarun yaro ba sa nuna matakin karatunsa. Za ka samu ɗan shekara 13 da bai taɓa riƙe fensir ba, kusa da ɗan shekara 9 da ke karanta labari. A gwada kowa cikin minti biyar: harafi, gaɓa, kalma, jimla, gajeren labari, a haɗa su gwargwadon inda suka tsaya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da wannan salo, an kuma yi aiki da shi a makarantun Borno da Hausa da Kanuri. A fara da yaren da yaro ke ji, Turanci ya biyo baya. Manyan da karatu ya wuce su, akwai manhajar gaggawa da hukumar NERDC ta tsara wadda ke taƙaita shekarun karatu. Masu shirin WAEC da NECO kuma a tattara sunayensu tun makon farko a kai ma'aikatar ilimi, don jarrabawa ba ta jiran ruwa ya janye.

Malamai a fara nemansu cikin sansanin. Su ma gidajensu sun rushe, wasu sun binne 'ya'ya, saboda haka a saurare su kafin a ɗora musu aji. Alawus ya zama daidai da wanda rukunin ilimi ya amince da shi, in ba haka ba wata ƙungiya za ta kwashe malaman wata, har na gwamnati su bar azuzuwansu. A biya a kan lokaci. Horo gajere da ake maimaitawa duk mako ya fi taron otal na kwana biyar amfani. A nemi malamai mata ko ta halin ƙaƙa, in babu a ɗauki iyaye mata su zauna a aji a matsayin mataimaka. Bulala kuwa babu ita.

Kiran suna

Rajistar aji ita ce babban makamin shirin gaba ɗaya, in an yi ta da gaske. Malama ta kira suna, shiru. Jiya ma shiru. Maimakon ta ja layi ta wuce, sai ta ɗaga kai: "Wa ke kwana kusa da su?" Yara sun san komai. "Malama, yana tura baro a kasuwa." "Malama, an kawo kuɗin gaisuwarta." Ka kafa doka: duk yaron da ya yi kwana uku a jere bai zo ba, sunansa ya isa hannun jami'in kare yara a ranar, a je tantinsu. Ba da faɗa ake zuwa ba, da sallama ake zuwa: "Iya, kwana biyu ba mu ga 'yarmu ba, lafiya dai?" Sau da yawa dalilin ƙarami ne, rashin sabulu, ko rashin audugar mata, ko ƙanin da babu mai riƙewa. Wani lokaci kuma babba ne.

A koya wa malamai alamomin da za su lura da su: firgita, fitsarin kwance ga wanda ya daina, yawan faɗa, keɓe kai, rauni a jiki. Taimakon farko na kwantar da hankali mataki uku ne, a duba, a saurara, a haɗa yaro da mai taimako. Kada a tilasta masa ya maimaita abin da ya gani, kada a yi masa alkawarin da ba a da tabbacinsa, irin su gobe Mama za ta dawo. Ƙannen da ake goyowa zuwa aji, daga wata 6 zuwa shekara 5, a auna dantsensu da igiyar awo. In ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani, a tura cibiyar lafiya ranar.

Lamarin da ya fi ƙarfin malami

Yaron da aka yi wa fyaɗe, ko ake azabtarwa, ko ake shirin aurar da ita, ko ya fito daga hannun 'yan bindiga, jami'i ɗaya ne zai riƙe lamarinsa daga farko har ƙarshe: ya tantance, ya tsara abin yi tare da yaron da wanda ya yarda da shi, ya tura inda ya dace, ya bi sawu, ya rufe. Ƙa'idojin kare yara a aikin agaji, waɗanda aka fitar a 2012 aka sabunta a 2019, sun ba da shawarar kada jami'i ɗaya ya riƙe fiye da lamura 25.

In fyaɗe ne, asibiti ne farko. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin sa'o'i 72 yake aiki, saboda haka kowane malami da mai gadi ya san wannan adadi, ya san asibitin, ya san lambar da zai kira. Sirri wajibi ne. Fayil lamba yake ɗauka ba suna ba, yana cikin akwati mai kwaɗo, ba a tattauna shi a zauren WhatsApp. Sansani ƙaramin wuri ne, magana ɗaya ta fita an ɓata wa yarinya rayuwa.

Maganar aure da lallami ake yinta. Uban da ya rasa komai yana ganin aurar da 'yarsa rage baki ne da kare mutunci. Ka je da liman da wata dattijuwa da ake jin maganarta, ka je kuma da abin da zai rage masa nauyi, tallafin kuɗi ko sana'a, da tabbacin cewa hanyar makaranta ba ta da haɗari. Doka na bayanka, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar kare yara da Borno ta sa wa hannu a 2022, amma dalilin da ya sa uban ya yanke shawarar shi ne abin magancewa.

Yaran da suka fito daga hannun masu ɗauke da makamai, Ƙa'idojin Paris na 2007 sun ce a ɗauke su da farko a matsayin waɗanda aka zalunta. Kada a ware musu aji, kada a ba su jaka mai launi dabam. Su shiga cikin sauran yara, tallafin ya game kowa.

Tsare yara daga masu agajin kansu

A 2002 wani rahoto ya fallasa yadda ma'aikatan agaji a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo ke lalata da 'yan mata a madadin abinci da tamfol. A 2003 Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya fitar da umarnin da ya haramta wa ma'aikata mu'amalar jima'i da duk wanda bai kai 18 ba, da musayar kaya ko kuɗi ko aiki da jima'i. Kowa a shirinka, har direba da mai gadi da ɗan kwangilar gina bandaki, a karanta masa wannan da yaren da yake ji ya sa hannu. A binciki halin mutum a unguwarsu kafin a ɗauke shi. Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro a rufaffen wuri. A riƙa sanar da jama'a a fili cewa kayan agaji kyauta ne. Akwatin ƙorafi bai wadatar ba inda yawancin mutane ba sa rubutu, a ƙara da lambar waya da wata mace amintacciya da yara da kansu suka zaɓa. Ban da na cigiya, hoton yaro ba a ɗauka sai da izinin iyaye da nasa, na wanda aka ci zarafinsa kuwa ba a ɗauka sam.

Inda ake fargabar hari, hare-haren da aka kai wa makarantu a Buni Yadi da Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 sun isa gargaɗi. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Tsaron Makarantu ta Oslo ta 2015, wadda ke neman a nisanta makarantu da amfanin soja. A tsara hanyar fita da wurin haɗuwa, a gwada da yara duk wata, iyaye su san inda za su samu 'ya'yansu.

Kuɗi, rahoto da miƙa aiki

Kasafi ya kan tuna da tanti ya manta da abin da ke riƙe tantin: sabulu, alli, audugar mata, katin waya, kuɗin motar kai yaro asibiti da dare, gyaran tamfol bayan iskar farkon damina. A ware ɗan kuɗin gaggawa da jami'i zai iya taɓawa a rana ɗaya. A rahoto, yawan waɗanda aka rubuta ba ya nuna komai. Ka kawo yawan masu zuwa kullum, maza da mata dabam, da nawa suka tashi daga harafi zuwa jimla, da yara nawa aka haɗa da iyayensu kuma aka tarar suna nan lafiya da aka koma.

Tallafin gaggawa sau da yawa na wata shida ne ko shekara, sansani ma ana iya rufe shi da ɗan gajeren wa'adi, kamar yadda aka fara rufe na cikin Maiduguri a 2021. Saboda haka tun ranar buɗewa a ɗaure kowane ajin wucin gadi da wata makarantar gwamnati ta kusa, shugabanta ya san da shi, rajistarsa ta shiga tasa. A kafa kwamitin iyaye, maza da mata, su riƙe makulli da lissafin kaya. Duk yaron da zai tashi a ba shi takarda mai sunansa da matakin karatunsa da hatimin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Fayilolin da ba a rufe ba a miƙa su hannu da hannu ga jami'in walwalar jama'a na inda yaron zai koma, da sanin yaron da mariƙinsa.

Aiki mafi arha shi ne wanda aka yi kafin damina. Hukumomin NiMet da NIHSA na fitar da hasashen ruwan sama da na ambaliya kowace shekara. Da ya fito, kowace makaranta da tsangaya a yankin da aka ambata ta sabunta sunayen ɗalibanta da lambobin iyayensu, ta ajiye kwafi a waya da wani a ofishin ƙaramar hukuma, ta ɗaga rajistoci da takardun shaida sama cikin leda. A amince tun lokacin da wuraren da jama'a za su fake waɗanda ba makarantu ba. A gida kuma, duk yaron da ya fara magana a koya masa cikakken sunansa, da sunan mahaifinsa na gaskiya, da sunan unguwarsu da na bulamansu, a riƙa tambayarsa har ya haddace.